Yadda ake auna kamun kai a karatun ɗaliban sakandare

A ƙarshen kowane zangon karatu, ɗaliban sakandare a Unguwar Sanusi da sauran unguwannin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu sukan koma gida da takardar sakamako. Idon iyaye yakan tsaya ne a kan makin Lissafi da Turanci da matsayin da yaro ya zo a aji. A ƙasan takardar kuwa, a makarantu da dama, akwai wani ɗan jadawali da ba a cika kula da shi ba, inda malamin aji yake ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan zuwa makaranta da wuri, tsafta, ladabi, mayar da hankali da kuma kamun kai. Wannan layi na ƙarshe shi ne masana halayyar ɗan Adam suka shafe fiye da shekara 50 suna neman hanyar auna shi daidai, saboda bincike ya nuna yana da hannu a yadda ɗalibi yake ƙarewa da karatunsa.

Ma'anar kamun kai a karatu

A fagen ilimi, kamun kai shi ne ɗalibi ya iya juya tunaninsa da zuciyarsa da aikinsa zuwa ga burin karatu mai nisa, a daidai lokacin da wani abu mai daɗi na nan take yake jan sa. Sharuɗɗa biyu ne suke tabbatar da shi. Na farko, dole a samu buƙatu biyu masu karo da juna, kamar bitar darasin Kimiyyar Sinadarai da tafiya gidan kallon ƙwallo. Na biyu, dole ɗalibin ne da kansa ya zaɓi wadda ya san ta fi masa amfani. Yaron da ya zauna da littafi domin mahaifinsa yana tsaye a kansa da bulala biyayya ya yi, kuma ma'aunin da ya kasa bambanta biyayya da kamun kai ya kauce hanya tun daga tushe.

Wannan hali ba baƙo ba ne a tunanin Bahaushe. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, masanin nan A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Hausawa suke auna nagartar mutum da su, ciki har da haƙuri da hankali da kunya da ladabi. Fulani ma sun sanya munyal, wato haƙuri da juriya, a cikin ginshiƙan pulaaku. Karin maganar da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa tana bayyana abin da masana suke kira jinkirta jin daɗi. Abin da binciken zamani ya ƙara shi ne ƙoƙarin mayar da halin zuwa lamba, yadda za a iya kwatanta shi da sakamakon jarrabawa.

Asalin awon

Gwajin da ya fi shahara shi ne wanda Walter Mischel ya gudanar a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Akan ajiye wa yaro alewa guda, a ce masa idan ya jira har mai gwajin ya dawo za a ba shi biyu, sannan a ƙirga mintunan da ya iya jira. A 1990 Mischel da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa yaran da suka fi jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a bayan sun girma.

Bincike na baya ya rage wa wannan labari armashi. A 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka sake duba batun da bayanan yara sama da 900 daga gidaje mabambanta. Sun samu cewa dangantakar jira da ƙoƙarin yaro a shekara 15 ba ta wuce rabin wadda aka faɗa da farko ba, kuma ta ragu sosai da aka yi la'akari da halin gidan da yaron ya fito da kaifin basirarsa tun yana ƙarami. Kafin nan, a 2013, Celeste Kidd da abokanta a Jami'ar Rochester sun gwada yara 28. An yi wa rabinsu alƙawarin kawo kayan zane aka cika, aka saɓa wa sauran. Waɗanda aka cika wa alƙawari sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kawai. Yaron da ya saba ganin ana karya alƙawari yana da hujjar cinye abin da ke hannunsa.

An kuma kai gwajin Afirka. Bettina Lamm da tawagarta sun kwatanta yara 'yan shekara huɗu daga ƙabilar Nso ta Kamaru da takwarorinsu na Jamus, inda aka ba na Kamaru fanke. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun jira minti goman da aka ɗiba, alhali na Jamus ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sakamakon ya nuna tarbiyya da al'ada suna shiga cikin lambar da ake samu.

Hanyoyin awo guda huɗu

Gwajin alewa na ƙananan yara ne. Ga ɗan sakandare, hanya ta farko kuma mafi sauƙi ita ce takardar tambayoyi da yake cikewa da kansa. Wadda aka fi amfani da ita a duniya ita ce ta June Tangney da Roy Baumeister da Angie Boone ta 2004, mai jimloli 36, da kuma gajeriyarta mai 13. Ɗalibi yakan ba kowace jimla maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon yadda ta dace da halinsa. Tara daga cikin 13 ɗin an rubuta su ne ta fuskar rauni, kamar kasala ko wahalar tattara hankali, don haka ana juya makinsu kafin a tara: wanda ya zaɓi 5 sai a rubuta masa 1. Jimillar takan faɗa tsakanin 13 da 65. Akwai kuma takardar da Paul Pintrich da abokansa suka fitar a Jami'ar Michigan a 1991, mai tambayoyi 81 a kan himma da dabarun karatu, wadda wani sashenta yake auna yadda ɗalibi yake daurewa a kan darasi mai wuya ko mai gundura. A 2013 Eli Tsukayama da Angela Duckworth da Betty Kim suka raba halin gida biyu: gaggawa a harkar karatu, kamar manta kayan aji da shagala a lokacin darasi, da gaggawa a mu'amala, kamar katse mai magana da saurin fushi. Yaro yana iya zama mai ladabi ga kowa amma ya kasa gama aikin gida.

Hanya ta biyu ita ce shaidar wasu, wato malamai da iyaye. Malami yana da fa'idar ganin yara da yawa masu shekaru ɗaya, don haka yana da abin kwatance. Rauninsa shi ne kyakkyawan zato ko mummuna yakan bi duk makin da zai bayar: ɗalibar da ta iya Turanci kuma ba ta surutu takan sami 5 a kowane layi, ko da ba a taɓa lura da yadda take karatu ba.

Hanya ta uku gwaji ne a aikace. A 2014 Brian Galla da abokansa suka gwada ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare sama da 900 a Amurka da wata manhajar kwamfuta mai raba allo biyu. A gefe guda akwai lissafin ɗebewa mai sauƙi ƙwarai da aka gaya musu yana da amfani, a ɗaya gefen akwai bidiyo na nishaɗi da wasan Tetris, kuma ɗalibi yana da 'yancin sauyawa duk lokacin da ya so. Abin da ake ƙirgawa shi ne yawan lissafin da ya yi daidai da tsawon lokacin da ya zauna a kansa. Makin ya yi daidai da sakamakon makaranta da kammala sakandare, ko bayan an cire tasirin basira.

Hanya ta huɗu ita ce bayanan da makaranta take da su tun asali: rajistar halarta, littafin masu makara, da lissafin aikin gida da aka miƙa a kan lokaci. Ba sa buƙatar sabon kuɗi, amma suna ɗauke da abubuwan da ba halin yaro ba, irin su nisan gida da kuɗin mota da rashin lafiya.

Yadda ake gane ma'auni mai inganci

Masana sukan yi wa kowane ma'auni tambaya biyu. Ta farko ita ce daidaito: shin tambayoyinsa suna tafiya tare, kuma idan aka maimaita bayan 'yan makonni za a sami sakamako makusanci? Akan auna tafiya taren da wani lissafi da Lee Cronbach ya gabatar a 1951, mai ba da lamba tsakanin 0 da 1, kuma galibi ana neman 0.70 zuwa sama. Ta biyu ita ce sahihanci: shin abin da ake cewa ana aunawa shi ake aunawa? Sikelin mahauci da aka lanƙwasa zai riƙa ba da nauyi iri ɗaya kullum, yana da daidaito ke nan, amma nauyin ƙarya ne.

A 2011 Duckworth da Margaret Kern suka tattara sakamakon rukunin mutane 282 da aka yi bincike a kansu, domin ganin yadda ma'aunan kamun kai daban-daban suke yarda da juna. Matsakaicin dangantakar ya tsaya a 0.27, a ma'aunin da 1 yake nufin cikakkiyar yarda. Ma'ana, ɗalibin da ya yi fice a takardar tambayoyi yana iya zama tsaka-tsaki a gwajin aikace. Shi ya sa ƙa'idar fannin ita ce a haɗa hanyoyi da dama, domin kuskuren wata ya rage kuskuren wata.

Abin da bincike ya gano

Binciken da ya fi jan hankalin malamai shi ne na Duckworth da Martin Seligman na 2005. Sun auna ɗalibai 140 'yan aji takwas, wanda ya yi daidai da aji biyu na ƙaramar sakandare, sannan suka maimaita da wasu 164. Sun haɗa amsar ɗalibi da ta iyaye da ta malamai, a karo na biyun kuma suka ƙara da gwajin kuɗi: dala ɗaya yau, ko dala biyu bayan mako guda. Kamun kai da aka auna a farkon shekarar karatu ya bayyana bambancin makin ƙarshen shekara fiye da ninki biyu na abin da gwajin basira ya bayyana. Masu kamun kai sun fi halartar makaranta, sun fi daɗewa a kan aikin gida, kuma sun fi fara shi da wuri.

Wani bincike da Duckworth ta jagoranta a 2012 ya ƙara haske: kamun kai ya fi hasashen makin da malamai suke bayarwa a cikin zango, basira kuma ta fi hasashen jarrabawar bai ɗaya ta zama guda. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan kuwa, an bi rayuwar mutum 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973. Rahoton Terrie Moffitt da abokanta na 2011 ya nuna waɗanda suka fi kamun kai a ƙuruciya sun fi lafiya da kwanciyar hankali ta fuskar kuɗi a shekara 32, kuma sun fi nisa da aikata laifi.

Wani ra'ayi da ya taɓa karɓuwa ya raunana. A 1998 Baumeister ya gabatar da cewa ƙarfin daurewa yana ƙarewa idan an yi amfani da shi, kamar yadda jijiya take gajiya. Da ɗakunan bincike 23 suka maimaita gwajin tare a 2016, da mutane sama da 2,000, tasirin da suka samu bai taka kara ya karya ba. Hankalin masana ya koma kan ɗabi'a da tsara muhalli. Wilhelm Hofmann da abokansa sun gano a Jamus a 2012 cewa masu kamun kai ba su cika shiga halin kokawa da zuciya ba, domin sukan kauce wa abin jan hankalin tun farko. Ɗalibin da ya bar wayarsa a ɗakin mahaifiyarsa kafin ya buɗe littafi ya fi sauƙin aiki a kan wanda ya ajiye ta a gefensa yana daurewa.

Matsayinsa a tsarin ilimin Najeriya

Jadawalin da ke ƙasan takardar sakamako yana da tarihi. Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977 aka sabunta a 1981, ta tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai maimakon dogaro da jarrabawa ɗaya. Tsarin 6-3-3-4 da ya fara aiki a 1982 ya zo da wannan, kuma a 1985 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da littafin jagora ga malamai. An gina tsarin a kan rabon da Benjamin Bloom da abokansa suka yi wa manufofin koyo: fannin fahimta, fannin hali, da fannin aikin hannu. Kamun kai ya faɗa a fanni na biyu.

Halin yana shiga sakamako ta wata ƙofar ma. A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, kashi 30 cikin 100 na makin ɗaliban makarantu yana fitowa ne daga ayyukan da suka yi a makaranta, kashi 70 daga zauren jarrabawa. Wannan kashi 30 tarin gwaje-gwaje ne da aikin gida na tsawon shekaru, irin makin da binciken 2012 ya ce kamun kai ya fi taɓawa.

Abubuwa biyu sun ƙara wa batun nauyi a Jihar Kaduna. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, gwamnatin jihar ta koma ba da darussa ta rediyo da talabijin, inda babu malamin da zai duba ko ɗalibi yana saurare. A watan Janairun 2022 kuma aka mayar da makarantun gwamnati kan karatun kwana huɗu a mako. Duk lokacin da sa'o'in da ɗalibi yake a wajen aji suka ƙaru, abin da zai yi da su yana komawa hannunsa da hannun gidansu.

Tarnaƙin awo a Unguwar Sanusi

Unguwar Sanusi mazaɓa ce mai cunkoson jama'a, kusa da Badiko da Tudun Nupawa, inda ɗalibai da yawa suke haɗa boko da Islamiyya, wasu kuma da koyon sana'a ko taya iyaye kasuwanci. Ma'aunin da aka ƙera a Amurka yana cin karo da abubuwa huɗu idan ya iso irin wannan wuri.

Na farko harshe ne. Idan an bar takardar da Turanci, ƙarfin karatun yaro ake aunawa tare da halinsa. Idan an fassara, kalma tana iya ɗauke ma'ana zuwa wani wuri: a bakin Hausawa da yawa, musamman idan ana maganar budurwa, kamun kai yana nufin kame mutunci da nisantar alfasha. Ɗalibar da aka tambaya ko tana da kamun kai za ta amsa wata tambaya ce daban da wadda aka yi nufi. Hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970 ita ce wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a kwatanta, sannan a gwada da 'yan ɗalibai kaɗan a ji yadda suka fahimci kowace jimla.

Na biyu kunya ce. Yaron da aka tarbiyyantar a kan cewa yabon kai jahilci ne zai rage wa kansa maki, wani kuma ba zai amsa cewa yana kasala ba muddin ya san malamin aji zai karanta. Ɓoye suna da sanya wanda ba malamin ajin ba ya karɓi takardun suna rage wannan.

Na uku shi ne mizanin kwatance. Kowa yana auna kansa ne da na kusa da shi. A wani bincike da Martin West da abokansa suka wallafa a 2016 kan ɗalibai sama da 1,300 a birnin Boston, yaran makarantu masu tsananin horo sun ba kansu makin kamun kai ƙasa da na sauran makarantu, alhali sun fi su ci gaba a jarrabawa. Ɗalibin da abokan ajinsa suke karatu awa uku kowane dare zai ga awa biyunsa kasala ce, wanda nasa ba sa buɗe littafi zai ga rabin awarsa himma ce.

Na huɗu halin rayuwa ne. A ɗauki misalin ɗalibai biyu da ba su kawo aikin gida ba. Ɗaya ya kwana a kan TikTok, ɗayar ta dawo daga Islamiyya ta ɗora tukunya, ta yi wa ƙannenta wanka, kuma ba a kawo wuta ba. Rajista za ta rubuta musu abu guda. Haka nan tambayar Naira ɗari biyar yau ko dubu bayan mako ba ta da ma'ana ɗaya ga wanda ya karya kumallo da wanda bai karya ba. Akasin haka ma yana faruwa: yaron da yake haddace shafi kullum bayan sallar Asuba, ko yake wuni a gaban injin ɗinki, yana da juriyar da takardar da ta tsaya kan darussan boko ba za ta gani ba.

Amfani da haɗari

A 2015 Duckworth da David Yeager suka yi gargaɗin cewa waɗannan ma'aunai sun dace da bincike da gyaran koyarwa, amma ba su kai a yanke wa ɗalibi ko malami ko makaranta hukunci da su ba. Da zarar an ɗora lada ko horo a kan takardar tambayoyi, kowa zai koyi amsar da ake so. Kwatanta makarantar gwamnati da ta kuɗi da irin wannan maki yana iya juya gaskiya saboda matsalar mizanin kwatance, kuma rubuta wa yaro ɗan shekara 14 cewa ba shi da kamun kai tambari ne da zai iya bin sa, alhali halin yana ƙaruwa da shekaru da horo. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 kuma ta wajabta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro bisa izini.

Inda awon yake da amfani shi ne a cikin aji ɗaya, a kwatanta ɗalibi da kansa daga zango zuwa zango. Malamin da yake cike jadawalin hali zai fi kusa da gaskiya idan ya jingina makinsa da abin da ake iya ƙirgawa: sau nawa aka miƙa aikin gida cikin goma, sau nawa aka zo da littafi da biro, sau nawa aka fara aikin aji ba tare da an maimaita umarni ba. Idan malamai biyu ko uku suka ba da maki kowa da kansa aka haɗa, son zuciyar mutum ɗaya yana raguwa. Idan kuma makin ya yi ƙasa, matakin da ya dace ya biyo baya shi ne a zauna da ɗalibin da mahaifansa a ji yadda yake wuni daga tashi makaranta zuwa kwanciya, a wane lokaci yake karatu, a ina, kuma wayar tana hannun wa a lokacin.